Daga Dutsen Daniski Zuwa Kufan Gazargamu

Duk matafiyin da ya taso daga Kano ya nufi Maiduguri ya san Potiskum, ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. In an wuce Wudil da Jama'are da Azare, a nan direba kan tsaya a yi salla, a ci abinci, a duba taya. Gari ne na tireloli da kanikawa da dillalai. Ran Laraba kuwa kasuwar shanu kan cika ta batse, ana ta lodin dabbobi zuwa kudancin ƙasar nan har dare. Yawancin masu wucewa iyakar saninsu ke nan. Amma a tsakiyar wannan hada-hada akwai fadar Mai Martaba Sarkin Fika, wanda Bolewa ke kira Moi Fika, alhali garin Fika kansa yana can kudu, tafiyar kusan kilomita 60. Me ya raba sarki da garin da yake amsa sunansa? Wannan tambaya ce ta sauke ni daga babban titi, ta hau da ni dutsen Daniski, daga bisani ta ja ni har kufan Birnin Gazargamu a arewacin Jihar Yobe.

Fadar da ta biyo titi

Potiskum matattarar ƙabilu ce. Ngizimawa da Karai-Karai sun daɗe a wannan ƙasa tun kafin Bature ya san da ita, ga Bolewa da Ngamawa, ga kuma Fulani da Barebari da Hausawa da kiwo da kasuwa suka tara. Garin ma fada biyu gare shi, ta Sarkin Fika da ta Mai Pataskum. A kasuwa da Hausa ake ciniki, amma da ka shiga lungu sai ka ji harshe ya juya. Masana harsuna sun sa Bolanci da harsunan Karai-Karai da Ngamo da Ngizim a dangi ɗaya da Hausa, wato dangin harsunan Chadi, saboda haka Bahaushe a nan baƙo ne a gidan 'yan'uwa.

Na fara da fadar Fika. Dogarai na zaune a inuwa, masu kawo gaisuwa na tuɓe takalma tun daga nesa, a ciki kuma an keɓe wurin ajiye kayan tarihi na yaƙi da na sarauta. Da na gaida wani dattijo daga cikin fadawa na yi masa tambayata, sai ya ce, “Malam, ai ba yau muka fara ƙaura ba. Wannan mazauni na uku ke nan. In kana son ganin na farko, sai ka shirya hawan dutse.”

Ƙaurar ƙarshe ita ce mai sauƙin bayani. A shekarar 1924 aka ɗauke hedikwatar masarautar daga Fika aka kawo ta Potiskum, a zamanin Moi Muhammadu ɗan Idrissa, wanda ya hau gadon sarauta a 1922 ya kuma yi shekara 54 a kai, har 1976. Turawan mulkin mallaka sun sa ƙasar Fika cikin Lardin Borno, suna kuma son En'e da kotu da baitulmali su zauna a bakin hanyar da ta haɗa Maiduguri da Kano da Jos. Fika tana lungu cikin duwatsu, Potiskum tana kan hanya. Jikan wancan sarki ne ke kan karaga yanzu, Alhaji Muhammadu Abali ibn Muhammadu Idrissa, wanda aka naɗa a 2009. Shi ne Moi na 43 a lissafin Bolewa, shi ne kuma shugaban majalisar sarakunan Jihar Yobe.

Ba Fika kaɗai abin ya shafa ba. Azaren da na baro a baya, a 1916 ta karɓi fadar Katagum daga tsohon garin Katagum. Sarkin Gombe ya bar Gombe Abba ya koma Nafada a 1913, ya sake tashi zuwa Gomben yanzu a 1919. Shehun Borno, wanda mayaƙin nan Rabe ya riga ya rusa wa garinsa Kukawa, a 1907 ya tare a Yerwa, wato Maiduguri. Cikin shekara 17 manyan fadoji huɗu na wannan yanki sun canza mazauni, kuma a duka huɗun sabon wurin ya dace da bukatar sabon mulki da hanyoyinsa.

Fika da Daniski

Hanyar Fika ita ce ta Gombe. Da ka bar Potiskum, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai gero da wake da kuka takan raka ka na ɗan lokaci, sannan tuddai su fara ɓullowa, har ka tsinci kanka tsakanin duwatsu. Fika na kwance a gindinsu da itatuwan dabinonta. Hedikwatar ƙaramar hukuma ce, amma wanda ya fito daga hayaniyar Potiskum zai ji kunnensa ya huta. A nan kaburburan sarakunan da suka gabata suke. Har nan Bajamushen nan Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, ya iso a 1852, 'yan watanni kafin ya mutu a gaɓar Tafkin Chadi.

Daniski, mazauni na farko, tana kan dutse a cikin wannan yanki. Mota ba ta da aiki a wurin, ƙafa ce kawai. Wani manomi da gonarsa ke gindin dutsen ne ya yarda ya yi mini jagora. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma shi ke tsayawa yana jirana. “Sannu, Malam, taka a hankali,” in ji shi, “kakanninmu da tulun ruwa a ka suke hawa.” Na ce, “Baba, Allah ya ji ƙansu, sun fi mu ƙashi.”

A sama babu gini a tsaye. Abin da ido ke gani shi ne jerin duwatsu da ke nuna inda ɗakuna suka zauna, da duwatsun niƙa da hannu ya lotsa, da tsingaro warwatse a ƙasa. Wanda ya zo neman dogon gini zai koma da ƙorafi. Amma ka tsaya a bakin dutsen ka dubi ƙasa, nan take za ka gane dabarar masu wurin. Ana hango fili mai nisa ta kowace fuska. Ƙurar mahaya za ta tona asirinsu tun suna nesa, doki kuma ba ya hawan irin wannan wuri da gudu. A zamanin da ƙarfin yaƙi yake ga mai doki, hawa dutse shi ne maganin mai ƙaramin ƙarfi. Haka mutanen Dala da Kufena da Turunku suka yi a ƙasar Hausa.

Kwanciyar hankalin kan dutse tana da tsada. Gona tana ƙasa, itace yana ƙasa, fatake ma ba sa son hawa da jakuna. Kowane damin gero sai an ɗora shi a ka an hau da shi. Mutum ba ya jure wannan wahala sai in abin da yake gudu ya fi ta.

Tarihin baka na Bolewa ya ce kakanninsu daga Yaman suka taso, suka biyo ta yankin Tafkin Chadi, suka yi zango bayan zango kafin su sauka a Daniski. Irin wannan labari ba baƙo ba ne a wajenmu: sarakunan Borno na dā sun jingina asalinsu ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, Hausawa kuma suna da Bayajida na Bagadaza. Harshen Bolewa dai shaida ne cewa sun daɗe ƙwarai a tsakanin maƙwabtansu na wannan yanki, kuma jerin sunayen sarakuna 43 ba abin da ake tarawa cikin shekaru kaɗan ba ne.

Wajen shekarar 1805 Moi Buraima ya sauko da fada daga Daniski zuwa Fika. Lokacin ya cancanci a lura da shi. Shekara guda ke nan da fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Buba Yero kuma na kafa Gombe a kudu, inda Bolewan Kalam da na sauran garuruwan bakin Gongola suka shiga ƙarƙashinsa. Fika ba ta karɓi tutar Sakkwato ba, ta ci gaba da fuskantar Borno. Ke nan cikin shekara 120 kacal wannan sarauta ta zauna a kan dutse, ta zauna a kwari, ta zauna a bakin titi. Tsaro ne ya zaɓi mazauni na farko, gona da sarari suka zaɓi na biyu, mota ta zaɓi na uku.

Kwalekwale a ƙasar rairayi

Daga Potiskum zuwa Damaturu kusan kilomita 100 ne, ta Damagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fune. A cikin wannan ƙaramar hukuma, kusa da kogin Komadugu Gana, akwai wani ƙauye mai suna Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a can, ya yi zurfin kamar mita 5, sai ya ci karo da itace mai tauri. Ashe kwalekwale ne. A 1994 masu binciken tarihin ƙarƙashin ƙasa daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone shi. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kamar rabin mita, an fafe shi daga gungumen maɗaci guda. Da aka auna shekarunsa a ɗakunan gwaji, sai aka samu ya kai kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa tonowa a Afirka, yana kuma cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Daga baya aka ɗauko shi zuwa Damaturu don adanawa.

A lissafa: wannan kwalekwale ya girmi babbar dalar Giza ta Masar da fiye da shekara 3,000. Lokacin da wani masassaƙi ke fere goshinsa da gatarin dutse, ba a san Babila ba, ba a san Rum ba. Ƙasar da yau ake tona rijiya mai zurfi kafin a ga ruwa, a wancan zamani ƙasar fadama da koguna ce, Tafkin Chadi kuma ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Masu binciken da suka yi aikin Dufuna sun kuma gano wani tsohon gari a Zilum, arewa da Maiduguri, mai faɗin kusan hekta 12, kewaye da rami, wanda aka zauna tsakanin shekara 600 da 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Don haka taruwar mutane a babban gari mai kariya ta daɗe a wannan yanki tun kafin ayarin raƙuma na farko ya ƙetaro Sahara da Musulunci.

Hanyar Gaidam

Daga Damaturu na yi arewa, ta Babangida da Dapchi da Bayamari, zuwa Gaidam. A hankali kuka ke ja da baya, aduwa da farar ƙaya da goruba su karɓi fili, rairayi ya fara cin gefen titi. Wannan yanki ya sha wuya a hannun 'yan tada ƙayar baya, Gaidam kanta an kai mata hari ba sau ɗaya ba. Saboda haka baƙo ba ya kama hanyar daji da ka. Sai ya tambayi mutanen gari halin da ake ciki, ya gaida masu ƙasa, ya sami ɗan gari ya raka shi, ya je da rana ya dawo da rana. Haka na yi.

Kufan Gazargamu yana gabas da Gaidam, tafiyar kamar kilomita 30 cikin rairayi, a tsakanin kogin Yobe da Komadugu Gana kafin su haɗe. Abin da ya fara bayyana wani dogon tudu ne da ya tare gabanmu, ya miƙe dama da hagu har ido ya gaza. Direba ya ce, “Alhaji, ga garun nan.” Ganuwar ƙasa ce, ruwan sama na shekara 200 ya zaizaye ta, amma a wasu wurare tsayinta ya kai mita 5. Ta kewaye birnin kamar gammo, tsawonta kimanin kilomita 6.6, daga wannan gefe zuwa wancan kuma kusan kilomita 2. Ana iya gane gurbin ƙofofi inda tudun ya yanke.

Da na hau kanta na dubi ciki, ban ga ko ɗaki ɗaya ba. Ciyawa ce da ƙaya, sai awaki da wani yaro ke kora. Gidajen talakawa na laka da kara ne, sun koma ƙasar da aka ɗebo su. Sai da muka doshi tsakiya na fara taka gutsattsarin jan bulo. Nan ne fadar Mai, wato Sarkin Borno, ta zauna, da gidajen manya. Bulon gasasshe ne, sirara, har yanzu da tauri. A ƙasar Hausa da tubalin da rana ta busar muka yi fadojinmu, har Gidan Rumfa. Gasa bulo kuwa yana cin itace mai yawa, yana bukatar magina na musamman da ma'aikata masu ɗimbin yawa. Wanda ya iya wannan, ya iya tara mutane ya sa su aiki. Akwai irin wannan gini a Gambaru, can bakin kogi ba nisa da nan, wanda tarihin baka ke dangantawa da Magira, wato uwar sarki, Aisa Kili.

Birnin da ya yi shekara 340

Sarakunan Borno na gidan Saifawa, masu wannan birni, ba a nan suka fara ba. Kanem suka mulka, gabas da Tafkin Chadi, har yaƙin Bulala ya kore su a ƙarshen ƙarni na 14. Suka yi kusan shekara 100 suna yawo da fada daga sansani zuwa sansani, ga rikicin gadon sarauta na cin su. Mai Ali Gaji ne ya kashe wannan wuta, ya kafa Gazargamu wajen 1470. Ya iya zaɓen wuri. Ga ruwa da kifi da fadama. Ga gishiri da kanwar ƙasar Manga a kusa. Hanyar arewa ta bi ta Bilma da Kawar zuwa Fazzan har Tarabulus a bakin Bahar Rum, ta yamma kuma ta nufi Kano. Ruwan da ke wucewa ta gefen birnin ma daga ƙasarmu yake zuwa, domin kogin Kano da Challawa su ne ke zama kogin Haɗeja, su gamu da na Jama'are su zama Yobe.

Birnin ya kai ƙololuwa a zamanin Mai Idris Alooma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 16. Babban limaminsa, Ahmad ibn Furtu, ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa da Larabci, shi ya sa muka san shi fiye da sauran. Ya yi aikin hajji, ya kawo 'yan bindiga Turkawa, ya gina masallatai da bulo, ya ƙarfafa alƙalai. A shekarun 1570 jakadunsa sun isa Santambul wajen Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Murad na Uku, a farkon shekarun 1580 kuma sun isa Maroko wajen Ahmad al-Mansur. Wani rubutu na 1658 ya ambaci masallatan Juma'a huɗu a birnin da tituna 660. Ko an rage wani abu saboda zuzutawar marubutan fada, abin da ya saura ya isa a kira shi birni a kowace nahiya ta wancan zamani.

Mu Hausawa muna ɗauke da gadon wannan birni ba tare da mun lura ba. Sarautun Galadima da Ciroma da Yarima daga Borno suka shigo fadojinmu, Galadiman Borno kansa a Nguru yake zaune yana tsaron iyakar yamma. Har gobe in an ce almajiri ya tafi gabas, an san karatun Alƙur'ani ya tafi nema, kuma in ya dawo da sunan gwani, sunan ma daga can ya samo shi. Rubutun Alƙur'ani irin na Barebari ya kai har kasuwannin Arewacin Afirka.

Sai dai bulon nan ba da addu'a kaɗai aka gasa shi ba. Bayi suna cikin manyan hajojin da ke bin hanyar Fazzan. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a littafinsa da aka buga a 1550 cewa Sarkin Borno kan ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya. Cikin yaƙe-yaƙen da Ibn Furtu ya lissafa akwai wanda aka kai wa Ngizimawa, akwai wanda aka kai ƙasar Kano. A nan ne hawan da na yi a Daniski ya ƙara yi mini ma'ana. Dawakin da suka ɗaukaka babban birni a fili, irinsu ne suka sa ƙananan al'ummu neman kan dutse. Tarihin wuraren biyu a haɗe yake, kuma wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya ya karanta rabi.

Yadda gari ya tashi

A 1808 rundunar masu jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar ta ci birnin. Mai Ahmad, wanda ya tsufa idonsa ya tafi, ya fice ya miƙa sarauta ga ɗansa Dunama. Dunama ya nemi taimakon wani malami, Muhammad al-Amin al-Kanemi, aka ƙwato birnin, Gwani Muktar ya rasa ransa. A 1809 Malam Ibrahim Zaki, wanda ya kafa Katagum, ya sake shiga. Daga nan Gazargamu ba ta ƙara zama fada ba. A wannan shekara ta 1808 ɗin dai Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a can yamma. Muhawarar da al-Kanemi ya yi da Muhammadu Bello ta wasiƙu kan halaccin yaƙin tana nan cikin littafin Infaƙul Maisuri.

Yaƙi kaɗai ba ya kashe birni. An ci Kano a 1807, Turawa sun sake cin ta a 1903, amma kasuwar Kurmi ba ta daina ci ba, domin masu mulki na gaba sun zauna a cikinta, fatake kuma ba su sauya hanya ba. A Borno kuwa ƙarfi ya koma hannun al-Kanemi, shi kuma a 1814 ya gina nasa gari, Kukawa, kusa da tafki. Malamai da attajirai da ayarin Fazzan suka bi shi can. Sarakunan Saifawa suka zama sarakunan suna, har aka kawo ƙarshen gidansu a 1846. Da Baturen Ingila Dixon Denham ya zo Gazargamu a 1823, shekara 14 kacal bayan tashin garin, kufai ya tarar. Kukawar ma Rabe ya rusa ta a 1893, ya zauna a Dikwa, aka kashe shi a 1900. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Da na jera wuraren nan a zuciya, Daniski da Fika da Potiskum a hannu ɗaya, Gazargamu da Kukawa da Yerwa a ɗaya hannun, abin da na fahimta shi ne kowane birni yana da dalilin da ya tara mutane a cikinsa, ko tsaro, ko ruwa, ko hanya, ko fada. Ran da dalilin ya tashi, mutane za su bi shi, komai kaurin ganuwa. Haka ya faru da Ur ta ƙasar Iraƙi da kogin Furatu ya janye ya bar ta. Bambancin Bolewa shi ne sun yi ƙaura da sarautarsu a hannu, ba ta yanke ba, shi ya sa har yau manomi a gindin Daniski zai nuna maka dutse ya ce na kakanninsa ne. Gazargamu ta fi Daniski girma da suna nesa ba kusa ba, amma gidan da ya gina ta ya ƙare. Sunanta ya rage a masarautar Ngazargamu da ke Gaidam, sunan babban sarkinta kuma a kwalejin kimiyya da fasaha ta Mai Idris Alooma a garin.

Darasin bai tsaya kan mutanen dā ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke isa ƙasan kogin Yobe ya ragu, masunta da manoman fadama sun san haka a jikinsu. Potiskum kuma titi ne ya yi ta. Duk mai son garin ya ɗore, sai ya kula da abin da ke riƙe da mutanensa.

Abin da ya rage a yi

Ɗalibanmu na haddace sunayen biranen Masar da Girka da Rum don jarrabawa, wannan ba laifi ba ne. Amma yaron da ya tashi a Potiskum ko Gaidam ya cancanci ya san cewa tsakanin gidansu da wani birni da ya yi musayar jakadu da Santambul tafiyar yini ce ko ƙasa da haka. Sukur ta Jihar Adamawa, wadda ita ma mazaunin kan dutse ce, ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1999, kurmin Osun na Osogbo ya bi ta a 2005. Babu abin da ya kai su can illa an auna su, an rubuta su, an kuma sami masu tsaron su.

Aikin da wuraren nan ke bukata bai fi ƙarfinmu ba. A shata iyakar kufan Gazargamu da Gambaru da Daniski, a ɗauki masu gadi daga ƙauyukan da ke kusa a riƙa biyan su, a hana kwasar bulo da tonon neman dukiya. Gwamnatin Yobe da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masarautun Fika da Pataskum da Gudi da Ngazargamu su haɗa hannu, Jami'ar Jihar Yobe kuma ta tura ɗalibanta su naɗi muryoyin dattawa da Bolanci da Ngizimanci da Barbarci tun suna raye, domin tsingaro zai iya jiran shekara 100, tsoho ba zai iya ba. Malaman makarantun sakandare su kai yara Fika da Daniski, su kai su Damaturu su ji labarin kwalekwalen Dufuna.

Kai kuma mai karatu, in hanya ta sake biyo da kai ta Potiskum, kada ka tsaya a tasha kawai. Ka ware yini guda, ka shiga fada ka yi gaisuwa, ka kama hanyar Fika, ka nemi wanda zai hau da kai Daniski. Ka tafi da ruwan sha da takalmi mai ƙwari, kuma duk abin da ka gani a ƙasa ka bar shi inda ka same shi.